Ƙarar da Auta Ba Ta Ji Ba

Auta tana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar bas, tana fama da notin da ya ci tsatsa, sai ga wasu faffaɗan tayoyi sun tsaya dab da ƙafarta. Ta turo kanta waje. Jar mota ce mai ƙofa biyu, gajera kamar ta durƙusa, irin waɗanda ake ƙerawa don gudu kawai.

Wanda ya fito daga ciki dogo ne siriri, da farar riga wadda da ganinta ba ta taɓa shiga gareji ba. Ya yi sallama, ya duba hagu ya duba dama.

"Don Allah ina mai wurin?"

Ta nuna masa Baba, mahaifinta, da ke zaune kan benci yana wanke kabureta a cikin fetur. "Ga shi can. Amma sai dai ka yi magana da ni, ba ya ji."

"To ina bakaniken?"

Auta ta goge hannunta a jikin rigar aiki, ta dube shi sama da ƙasa. "Ka taka mata sifana."

Ya ɗage ƙafa da sauri kamar ya taka wuta, ya ɗauko sifanar ya miƙa mata hannu bibbiyu. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa, daga baya dariya ta ƙwace musu su duka.

Likitan haƙori ne. Ya ce motar ita ce burinsa tun yana makaranta, ga shi ta fara ba shi tsoro. "Idan na taka birki a hankali, kamar zan tsaya a danja, sai in ji wani gurzo, kamar ana goga ƙarfe a kan dutse. Masu zuwa wurina cire haƙori ma ba sa tsoron injina kamar yadda nake tsoron wannan ƙarar."

"Da safe kawai take yi, ko kullum?"

"Kullum."

"Feda tana rawa a ƙafarka? Sitiyari yana ja gefe?"

"Ban lura ba. Ni dai da na ji ta nake fara addu'a."

Ta sa jak ta ɗaga gaban motar, ta cire tayoyin. Fad ɗin gaba, wato takalman da ke matse faifan birki, sun cinye sun zama kamar fallen biskit. Ta zagaya baya, ta haska tocila ta tsakanin ƙarafunan wili, ta ga fad ɗin da ke waje da kaurinsa. Ta miƙe ta ce masa matsalar a gaba take, sai dai kayan irin wannan motar ba a samunsu a kusa, sai an yi odarsu.

"Kafin su iso ka riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai."

"To, Injiniya."

Sunan da ya laƙa mata ke nan tun daga ranar.

Ya karɓi lambarta don ya riƙa tambayar kaya. Sai dai kullum ya tashi daga aiki sai ya biyo ta garejin, wai ya zo jin ko sun iso. Zai zauna kan bencin Baba, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya riƙa miƙa mata sifanar da ba ita ta nema ba. Baba kuwa, da yake ba ya jin ƙarfin muryarsa, wata rana ya yi mata raɗa da duk layin sai da ya ji.

"Auta, wannan yaron birkinsa ne ya lalace ko hankalinsa?"

Ta shige ƙarƙashin mota ta ƙi fitowa har Likita ya tafi. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ki gaya wa Baba duka biyun ne. Na birkin kin ce an yi oda. Na hankalin kuma ban san inda ake sayar da kayansa ba, Injiniyata."

Ta amsa: "Wannan ba aikin garejinmu ba ne, Dakta. Ka nemi asibiti."

"A asibitin nake aiki, sun ce ke suka sani. Yau ma ina duba haƙorin wani tsoho na ce masa ya buɗe bonet."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta kwanta ranar da wayar a ƙirjinta. Tun rasuwar Inna, mahaifiyarta, ba ta taɓa jin gidan ya yi mata haske haka ba.

Da kayan suka iso ta sa su da kanta, ta wanke hannu, ta ce ya shigo su gwada. Ita ta karɓi tuƙi, shi yana zaune a damarta. Suka hau doguwar hanyar bayan rumbunan ajiye kaya, inda babu cunkoso. Ta taka, ta saki, ta sake takawa.

"Kamar har yanzu ina jin ta kaɗan-kaɗan," in ji shi.

Ta kasa kunne. Gurnanin inji kawai ta ji. "Sabon fad ne, sai ya ɗan kwana biyu kafin ya zauna. Kada ka damu."

Ya yarda, don bai taɓa shakkar maganarta ba. Suka ci gaba da tafiya. Can ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya, ya faɗi abin da ya daɗe yana haddacewa: yana son ta, yana so ya san ko tana jin abin da yake ji, in ta amince zai turo manyansa wurin Baba. Auta ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Idonta na kan hanya, hankalinta na kan birki. Ta sake takawa a hankali, ta girgiza kai.

"Ni fa ba na jin komai, Likita. Wallahi ko kaɗan."

Suka juya suka dawo gareji. Ya gaishe da Baba, ya ja motarsa ya tafi ko waiwaye babu.

Kwanaki suka shuɗe, babu shi babu saƙonsa. Duk motar da ta shigo layin sai ta ɗaga kai. Da abin ya ishe ta, ta ajiye jan aji ta rubuta: "Dakta, lafiya kuwa? Ko na yi laifi?"

Amsar ta zo tana cikin shagon kayan aiki.

"Ba ki yi laifi ba. Na tambaye ki ko kina jin abin da nake ji a raina, na ce zan turo wurin Baba, kin ce ba kya jin komai ko kaɗan. Na gode da ba ki yaudare ni ba. Ki ba ni lokaci kawai, ba zan iya ganinki yanzu ba."

Ta karanta, ta maimaita. Ta zauna kan tsohuwar taya. Yaushe ya faɗi wannan? Yana gefenta, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba.

A hankali ta ɗaga hannu ta toshe kunnenta na hagu. Duniya ta koma kamar ta nutsa cikin ruwa. Ta ɗauki sifana ta ƙwanƙwasa jikin teburin ƙarfe. Ta ji bugun a hannunta, amma ƙarar can nesa take, kamar a gidan maƙwabta. Nan abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: yadda ta koma amsa waya da kunnen hagu ba tare da ta lura ba, yadda take karkata kai idan ana mata magana, yadda masu mota ke cewa sun yi ta sallama ba ta amsa ba. Haka na Baba ya fara. Haka aka ce na mahaifinsa ma ya fara.

Ba ta amsa saƙon ba. Me za ta ce? Ban ƙi ka ba, kurma nake zama?

Ta je asibiti ita kaɗai. Aka sa ta a wani ɗan ɗaki mai kauri, aka ɗora mata abin saurare a kai, aka ce ta danna maɓalli duk lokacin da ta ji ƙara. Ta daɗe riƙe da maɓallin tana jira, tana kallon ma'aikaciyar ta cikin gilashi tana rubutu. Likitan kunne ya yi mata bayani a tsanake. Jijiyar ce ke mutuwa. Na dama ya yi nisa, na hagu ya fara bin sa. Na'ura za ta taimaka na wani lokaci, amma babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi.

"Zuwa yaushe zan daina ji gaba ɗaya?"

"Allah ne masani. Wani yana daɗewa, wani ba ya daɗewa."

Ta dawo gida a ƙafa, tana sauraron komai kamar mai bankwana: hon ɗin motoci, kukan yara, ƙarar injin niƙa. Ta tarar da Baba a bencinsa, ya ɗago ya yi mata murmushi. Ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi kuka da ƙarfi yadda take so, don ta san babu mai jin ta a gidan.

Ba a daɗe ba motar janwe ta shigo layin, ɗauke da jar motar a bayanta. Bamba ta fashe, fitila ɗaya ta zazzago. Auta ta yar da sifana ta taso da sauri. Wata baƙar mota ta tsaya a baya. Likita ya fito lafiya lau, sai wata dattijuwa mai gilashi, hannunta naɗe da bandeji rataye a wuya. Mahaifiyarsa ce, wadda yake kira Mami. Wadda ta tuƙo su kuwa wata kyakkyawar budurwa ce da suke kira Gimbiya, 'yar aminiyar Mami, wadda Mami ta daɗe tana yi wa ɗanta kwaɗayinta.

Likita ya yi bayani yana kallon ƙasa. Ya ɗauko Mami daga unguwa, wani ya gitta musu a mahaɗa, ya taka birki da ƙarfi. Sai ƙarar nan ta tashi, motar ta ja gefe ta daki dakalin hanya.

Auta ta durƙusa gaban motar tana duba ɓarnar. Mami ta tsaya ta damarta tana magana. Ta yi magana, ta sake yi. Auta ba ta juyo ba.

"Ke wace irin yarinya ce? Kin kusa kashe min ɗa, ina miki magana kin mayar da ni mahaukaciya?"

Sai da Mami ta ɗaga murya sannan Auta ta zabura ta miƙe.

Gimbiya ta dubi Baba da ke ta kallon bakunan mutane, ta dubi Auta, ta taɓe baki. "Mami, ki daina wahalar da kanki. Ina jin abin a jininsu yake."

Auta ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Amma ta gaji da ɓoyo.

"Gaskiya ta faɗa, Mami. Ki yi haƙuri, ban ji ki ba. Kunnena na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Ranar da muka gwada motar ya ce min yana jin ƙara, ni ban ji ba, na ce masa babu komai. Hannunki ni na karya shi."

Ta ga lokacin da maganar ta isa ga Likita. Ya ɗago ido a hankali, leɓensa na motsi. "Ranar nan... a mota... ba ki ji abin da na ce ba?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

Ya yi taku ɗaya zuwa gare ta. Mami ta riƙe masa riga da lafiyayyen hannunta. Ita ma ta fahimci abin da ke tsakaninsu, kuma fuskarta ta nuna abin bai yi mata daɗi ba.

"Wuce mu tafi. Kai kaɗai gare ni. Ba zan zauna ina kallo ka ɗebo min jikokin da zan kira su ba su amsa ba."

Suka tafi suka bar motar.

Baba bai ji ko kalma ba, amma ya karanta komai a fuskoki. Ya taso ya kama kan 'yarsa, ya juya shi dama, ya juya hagu, ya taɓa kunnenta da ɗan yatsa. Ta gyaɗa masa kai. Tsohon ya koma ya zauna, ya rufe fuskarsa da tafukansa masu baƙin mai. Ba ta taɓa ganin kafaɗunsa na girgiza haka ba, ko ranar da aka fita da Inna.

Washegari shi ya fara tashi. Ya ɗaure bambar da waya, ya miƙa mata makulli.

"Zagaya da ita layin nan a hankali, ki riƙa taka birki. Ki dawo ki same ni."

Da ta dawo ya kama hannunta, ya bi da ita taya bayan taya, yana kara bayan tafinta kusa da wili. Na gaba biyu ɗumi kawai. Na baya na hagu ɗumi. Da suka zo na baya na dama sai ta janye hannu da sauri, zafi kamar murhu, ga ƙaurin ƙarfe yana tashi. Baba ya shafo jikin wilin ya nuna mata yatsansa: garin ƙarfe ne mai ƙyalli.

Ta cire tayar, ta kwance kalifa, abin da ke riƙe fad yana matse su a jikin faifai. Fad ɗin waje yana nan da kaurinsa, kamar yadda ta gani da tocila ranar farko. Na ciki kuwa ya cinye tas, ƙarfe ne tsirara ke gurzar faifai. Ta bi bayan faifan da farce, duk ya yi kwari-kwari. Fin ɗin da kalifa ke zamewa a kansa ya bushe ya kafe da tsatsa, sai da guduma ya fita. Shi ya sa ɓangare ɗaya ke ta cin wuta shi kaɗai.

Da ta cire tayar nan tun farko da ta gani. Ta amince da kunnenta, kunnen kuma ya riga ya bar ta ba ta sani ba.

Ta yi odar kaya, da suka iso ta sa sabon faifai da fad, ta canja fin ta shafa masa giris, ta duba sauran ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ta aika wa Likita motar ta hannun mai janwe, sannan ta rubuta:

"Birkin baya na dama ne, na gyara. Ka yafe min, ka roƙar min Mami gafara. Abin da ka tambaye ni a mota, da na ji da na ce e. Amma yanzu amsar a'a ce. Ka auri wadda Mami ke so. Kada ka sake zuwa."

Amsarsa ba ta ɗau lokaci ba.

"Zumata, kin ce da kin ji da kin ce e. Wannan kawai na karanta, sauran ban gane rubutun ba. Ba kunnenki na gani na so ba. Ki bar ni in zo."

"Kada ka zo."

"To zan jira. Amma ba zan auri kowa ba."

Ya cika alkawari, bai zo ba. Saƙo ne dai kullum da safe, wani dogo wani gajere. Tana karantawa, ba ta amsawa.

Watannin da suka biyo baya sun yi wa Auta nauyi. Labari ya zagaya cewa 'yar garejin ma ta kurumce, har ta kusa kashe mutane. Masu motocin da suka saba da ita suka riƙa wucewa ta ƙofar suna kau da kai. Aka sa mata na'ura a kunne, amma a gareji azaba ce: bugun guduma ɗaya sai ta ji shi har cikin haƙoranta, maganar mutum kuwa sai ta cakuɗe da ƙarar janareta. Yawanci cirewa take ta sa a aljihu. Ta rame, rigar aikin ta yi mata yawa. Da yamma ita da Baba sukan zauna a tsakar gida, kowa da farantinsa, babu mai cewa uffan. Takan dube shi ta ce a ranta: ga ni nan nan da 'yan shekaru.

Wata rana da hantsi baƙar motar nan ta sake tsayawa a ƙofar garejin. Mami ce ita kaɗai, an cire mata bandeji. Auta ta sa na'urarta, ta goge benci, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Roƙo na zo yi," in ji Mami. "Ɗana ya zama wani iri. Ya lulluɓe motar da tamfol, abinci sai na tsaya a kansa. Gimbiya ta gaji da jira, an sa ranarta da wani. Maganarki kawai yake ji. Ki ce masa ya haƙura."

"Na faɗa masa, Mami. Zan sake faɗa."

Mami ta yi mamakin saurin amsar. "Ba kya son sa ne?"

Hawaye ya ɗiga a kan gwiwar Auta. "Saboda ina son sa ne. Innata a kicin ta faɗi, da rana tsaka. Baba yana tsakar gida, bango ɗaya ne tsakaninsu. Maƙwabta sun ce sun ji tana kiran sunansa. Shi bai ji ba. Sai da na dawo daga sayen kaya na same ta a ƙasa, muka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Ba na so wata rana ɗanki ya kira ni, ko jariri ya yi ta kuka a ɗaki, ni ina waje ina shanya."

Mami ta zo da shirin faɗa, ta tarar babu abokin faɗa.

Baba yana gefe yana kallon bakin 'yarsa. Ya gane kalmar Inna, ya gane kicin. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya matso, ya yi magana da babbar muryarsa da ba ya iya saitawa.

"Baiwar Allah, in kin zo raba su ne, ta riga ki. Amma bari in faɗi nawa, tunda da ni take tsorata kanta." Ya juya ga Auta. "Ban ji kiran uwarki ba, gaskiya ne, da wannan zan shiga kabari. Amma ke rana ɗaya kika riƙe. Ta zauna da ni ina ji, ta zauna da ni ba na ji, ban taɓa ganin ta haɗa kayanta ba. In tana son magana ta jefe ni da murfin kwano. In ta yi fushi ta juya min baya ta zage ni son ranta, ta juyo tana dariya. A asibiti, ranar da za ta cika, kin fita kiran nas, ta miƙo hannu ta ja min kunnen nan kamar yadda ta saba, tana murmushi. Wadda ta yi nadama ba ta yin haka. Kin hana kanki, kin hana yaron mutane, kin ce don ni. Ni ban aike ki ba."

Ya koma bencinsa yana share ido da gefen riga.

Mami ta daɗe zaune. Da za ta tafi sai ta tsaya ta dubi garejin da babu mota ko ɗaya a ciki, ta dubi wuyan Auta da ƙasusuwa suka fito.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo da safe.

"Injiniyata, Mami ta ce in zo. Ta ce har yanzu tana tsoro, amma ta fi tsoron abin da ta gani a fuskarki da tawa. Na karanta komai a kan ciwon nan. Akwai fitilar da ke walƙiya idan jariri ya yi kuka, akwai agogon hannu mai girgiza idan an kira ki. Na fara koyon maganar hannu, malamar ta ce ba ni da ƙoƙari. Ba na miki alkawarin zai yi sauƙi. Ina bakin layinku. In kin ce in juya zan juya."

Ta riƙe wayar har allon ya mutu. Ta kalli Baba, ya ɗaga mata gira. Sannan ta rubuta: "Ka shigo, Daktana."

Ya shigo a ƙafa. Shi ma ya rame. Ya tsaya a gabanta inda za ta ga bakinsa sosai.

"Zan iya wayar gari ban ji muryarka ba," in ji ta.

"To sai ki huta da surutuna."

"'Ya'yanmu fa?"

"In sun ji, alhamdu lillahi. In ba su ji ba, suna da uwa da kaka da za su nuna musu yadda ake rayuwa. Ni dai ki bar ni in kasance a wurin."

Ta sunkuyar da kai. Ya leƙo fuskarta. "Ki ɗago, Zumata. In kin sunkuya ba za ki ga abin da nake cewa ba."

Ta ɗago tana dariya tana kuka, ta ce masa ta amince.

An ɗaura auren ba tare da wani babban taro ba. Da yamma 'yan uwa na kusa suka taru a falon Mami. Kunnen Auta na dama ya riga ya rufe gaba ɗaya a lokacin, hayaniyar ɗakin kuma ta cakuɗe mata a na'ura, sai murmushi kawai take bin mutane da shi. Mami ta lura. Ta taso ta zauna a gabanta, ta kama fuskarta da hannu biyu, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma.

"Na faɗi magana mai ciwo a kanki. Ki yafe min. Daga yau ke 'yata ce. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin zama da juna."

Auta ta ji wasu kalmomin, ta karanta sauran a leɓenta, babu wadda ta ɓace mata.

Kawun ango ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Baba ya ɗaga nasa, ya rufe ido. Da yake ba ya jin inda ake tsayawa, sai ya riƙa sakin "amin" ɗinsa mai ƙarfi a tsakiyar jimla. Kawu ya yi tuntuɓe, ya sake farawa, Baba ya sake katse shi. Yara suka fara ƙunshe dariya. Kawu ya dubi tsohon, ya ga hawaye na bin gemunsa, sai ya rage sauri, ya koma jiran sa. Duk inda Baba ya ce amin, nan Kawu ke tsayawa, ɗakin gaba ɗaya ya amsa tare da shi. A haka aka yi addu'ar har ƙarshe, ango na riƙe da hannun amaryarsa, ana roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka.